Allon buri na shekara: me ake manna masa, kuma yana aiki kuwa?

Da zarar shekara ta zo ƙarshe, sai intanet ta cika da hotunan mutane riƙe da kwalaye da aka ƙawata da hotunan gidaje, jiragen sama da takardun shaida. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan abu, da amsoshinsu.

Mene ne allon buri?

Allo ne, ko kwali, ko faffaɗar takarda, da mutum yake manna wa hotuna da kalmomi masu nuna abin da yake so ya cim ma a cikin shekara. Wasu suna yanko hotunan daga mujallu, wasu suna haɗa nasu a waya da manhajoji irin su Pinterest da Canva. Abin ya yi tashe sosai bayan 2006, lokacin da fim da littafin The Secret na Rhonda Byrne, 'yar ƙasar Ostareliya, suka yaɗa ra'ayin cewa abin da mutum ya riƙa zanawa a zuciyarsa shi zai janyo wa kansa.

Da gaske kallon hoton abu kullum zai kawo mini shi?

A'a. Kuma binciken da aka yi ya nuna cewa idan aka tsaya a kallon kawai, yana iya rage wa mutum ƙwazo.

A 1999, Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun gwada haka a kan ɗaliban da jarrabawa ta ƙarato musu. Aka ce wa wasu su riƙa ɗaukar 'yan mintuna kullum suna hango kansu sun ci babban maki. Aka ce wa wasu su hango kansu suna karatun: inda za su zauna, lokacin da za su buɗe littafi, yadda za su kauce wa abin da ke ɗauke musu hankali. Masu hango karatun sun fi daɗewa a kan littafi, kuma sun fi cin maki.

Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York da Jami'ar Hambug, ta shafe shekaru tana bin wannan batu. A wani bincikenta na 2002, ɗaliban da suka fi nutsewa cikin mafarkin samun kyakkyawan aiki bayan kammala karatu sun aika takardun neman aiki kaɗan, sun samu tayin aiki kaɗan, kuma albashinsu bai kai na sauran ba bayan shekara biyu. A 2011, ita da Heather Kappes sun ga cewa irin wannan mafarki mai daɗi yana sassauta jiki, kuzari ya sauka. Bayanin da Oettingen ta bayar shi ne, zuciya tana ɗanɗana daɗin nasarar tun ba a samu ba, sai ta saki jiki kamar an riga an iso.

To in jefar da allon ke nan?

Ba sai an kai ga haka ba. Allon yana da amfani guda biyu da ba a musu. Na farko, haɗa shi yana tilasta wa mutum ya zaɓa, domin kwali ba ya ɗaukar komai da komai. Na biyu, yana tunatarwa a ranakun da hidimar yau da kullum ta binne niyyar da aka ɗaura. Gyaran da ake bukata yana cikin abin da ake manna masa.

A ganina kowane buri ya kamata ya samu abu huɗu a kan allon. Hoton inda ake so a kai, wannan guda ɗaya ya isa. Sai lamba da rana: masanan halayyar ɗan Adam Edwin Locke da Gary Latham sun kwashe shekaru suna nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" haifar da aiki. "Zan ƙara karatu" ba ya gaya wa mutum abin da zai yi yau. "Littafi goma sha biyu, ɗaya kowane wata" yana gaya masa. Na uku, hoton aikin kansa: mai son ya yi gudu mai nisa ya manna hoton takalmin gudu a bakin ƙofa da sassafe, mai son koyon wani harshe ya manna jadawalin darasinsa.

Na huɗu shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, wato cikas. Oettingen ta ba da shawarar mutum ya fara hango burinsa, nan take kuma ya tambayi kansa: mene ne a cikina zai hana ni? Gajiya ce bayan tashi daga aiki, ko waya, ko tsoron a yi mini dariya? Daga nan sai a haɗa da dabarar Peter Gollwitzer, wani masanin halayyar ɗan Adam, wadda ya yi bayaninta a 1999: a rubuta shiri da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Misali: "Idan na dawo a gajiye, zan yi minti goma kawai maimakon in fasa." An riga an yanke shawara tun kafin lokacin rauni ya zo, don haka babu zaman ciniki da kai.

Buri nawa ya kamata in sa?

Uku zuwa biyar. Allon da ke ɗauke da buri ashirin ado ne.

Na ji an ce a Jami'ar Yale an gano cewa kashi 3 cikin ɗari na ɗaliban 1953 da suka rubuta burinsu sun fi duk sauran dukiya. Gaskiya ne?

Masu laccar ƙarfafa gwiwa sun daɗe suna maimaita wannan labari, wani lokacin ma su mayar da shi Jami'ar Harvard. An bi sawunsa ba a samu binciken ba, kuma ita kanta Yale ta ce ba ta da wata shaida cewa an taɓa yin sa. Rubuta buri yana da amfani, amma ba wannan labarin ne hujjarsa ba.

Ina zan ajiye shi, kuma sau nawa zan duba?

Inda ido zai faɗa kansa kullum. Sai dai ido yana sabawa da wuri. Bayan 'yan makonni allon ya zama kamar fentin bango, ana wucewa ba a gani. Maganinsa shi ne a mai da shi abin da ake taɓawa. A bar gurbi a gefen kowane buri, a ware rana ɗaya a mako ana sa alama ko ana rubuta inda aka kai. Benjamin Harkin da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 138 a 2016, suka ga cewa bibiyar ci gaba tana taimakawa wajen cika buri, musamman idan ana rubutawa ko ana sanar da wani. Wanda allonsa yake cikin waya ya fi bukatar wannan, domin hoton fuskar waya ya fi komai saurin ɓacewa daga hankali.

In nuna wa mutane ko in ɓoye?

Ya danganta da abin da ake nunawa. A 2009 Gollwitzer da abokan aikinsa sun ga cewa ɗaliban koyon aikin lauya da aka san da niyyarsu ta zama ƙwararru sun rage ƙoƙari daga baya, saboda ganin da aka yi wa niyyar ya sa sun ji kamar sun riga sun zama. Saka hoton allo a intanet don a yaba yana kusa da wannan tarkon. Samun mutum ɗaya da za ka riƙa gaya wa abin da ka yi a wannan mako wani abu ne daban, kuma shi ne mai amfani.

Shekara ta yi rabi ban taɓuka komai ba. Sai wata shekarar?

Babu dalilin jira. Hengchen Dai, Katherine Milkman da Jason Riis sun nuna a 2014 cewa mutane suna samun sabon ƙarfin farawa a farkon mako, farkon wata, ko bayan ranar haihuwarsu, ba a farkon shekara kaɗai ba. Sauke allon, ka duba kowane buri. Wanda ka gane cewa sha'awar wani ce ka ara, cire shi. Wanda har yanzu kake so amma ya yi girma, rage lambarsa daidai da watannin da suka rage, ka rubuta matakin farko da ranar da za ka ɗauke shi a cikin wannan makon.