Gyaran Kotuna da Manufofin Tattalin Arziki a Ƙasashe Masu Tasowa

Gyaran kotuna ya ƙunshi matakan da ƙasa ke ɗauka don a hanzarta shari'a, a rage cin hanci, a kuma kare alƙalai daga katsalandan na masu mulki. Alaƙarsa da tattalin arziki ta fi fitowa fili a harkar bashi. Bankin da ya san zai shafe shekaru ana ɗage masa zama kafin ya karɓi kadarar da aka jinginar, ko dai ya ƙara kuɗin ruwa ko ya hana rancen. Gwamnati na iya sassauta manufar ba da lamuni yadda ta so, amma kuɗin ba za su kai ga ƙananan 'yan kasuwa ba.

Ra'ayin cewa ingancin kotuna na shafar tattalin arziki ya samu karɓuwa daga shekarun 1990, musamman bayan masanin tattalin arziki Douglass North ya samu kyautar Nobel a 1993 kan rawar da dokoki da hukumomi ke takawa wajen bunƙasar arziki. Daga 2003 Bankin Duniya ya riƙa auna tsawon lokacin da ƙarar ciniki ke ɗauka a kotun kowace ƙasa, cikin rahotonsa na Doing Business, wanda ya dakatar a 2021 bayan an gano an yi maguɗi a alƙaluman wasu ƙasashe.

Indiya ta yi dokar kafa kotunan karɓo bashi a 1993. Biyan bashi ya inganta, sai dai bincike ya nuna manyan kamfanoni masu kadara ne suka fi cin moriyar, rancen ƙananan kuwa ya ragu. A Afirka, yarjejeniyar OHADA ta 1993 ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, da babbar kotu ɗaya a Abidjan. Ruwanda ta buɗe kotunan kasuwanci a 2008.

Akwai ɓangaren da gwamnatoci ba su cika so ba: kotu mai 'yanci takan taka wa ita kanta gwamnatin burki. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya sa aka tantance alƙalai, aka sallami wasu. A Nuwamban 2023 babbar kotun ƙasar ta ce harajin gina gidaje da ake cira daga albashin ma'aikata ya saɓa wa kundin, lamarin da ya tilasta wa majalisa yin sabuwar doka a 2024 kafin a ci gaba da karɓarsa.