Fassara Baitoci Masu Harshen Damo a Shahnama

Shahnama, doguwar waƙar jarunta da Firdausi ya kammala da harshen Farisanci a shekarar 1010, tana da baitoci kimanin dubu hamsin, kuma akwai da dama a cikinsu da malamai ke saɓani a kan ma'anarsu har yau. Tushen saɓanin yawanci yana cikin rubutun ne kansa.

Masu kwafar littattafai na wancan zamani ba su cika sanya wasula ba, kuma ba su bambanta harafin k da g. Saboda haka haruffa uku kacal na iya zama gord, wato jarumi, ko gard, ƙura, ko gerd, kewaye, ko kard, ya aikata. A fagen fama, inda jarumai ke tayar da ƙura, duk huɗun suna iya shiga baiti su zauna daram, kuma karin waƙar ba ya raba gardama domin nauyinsu ɗaya ne. Amsa-amo ne ke ceton mai karatu idan kalmar ta zo a ƙarshen layi: in an haɗa ta da nabard, wato yaƙi, to ba jarumi ake nufi ba.

Wani rikicin kuma daga sauyin harshe yake. A farkon labarin Rustam da Suhrab, mawaƙin ya kawo misalin guguwar da ta kakkaɓo ɗanyen lemo, sannan ya tambaya ko azzaluma za a kira ta ko mai adalci. Kalmar ar da ya sa a tsakani a yau tana nufin "idan", amma a bakin Firdausi takan ɗauki ma'anar "ko", kuma wanda bai san haka ba sai ya karkatar da baitin gaba ɗaya.

Babu kwafin da ya tsira daga zamanin mawaƙin. Mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata shi ne wanda ke ajiye a birnin Florence, na shekarar 1217, kuma rabin farko kawai ya ƙunsa. Na Landan yana biye da shi a 1276. Shi ya sa masu tahƙiƙi, wato malaman da ke tantance asalin lafazin littafin, ke komawa ga fassarar Larabci ta zube da al-Bundari ya yi a ƙarni na 13, don su gano abin da ya gani a kwafin da ke gabansa. Jalal Khaleghi-Motlagh, masanin Shahnama ɗan Iran, a bugunsa na littafin mai juzu'i takwas, yakan fifita lafazin da ya fi wuya, bisa hujjar cewa mai kwafa ya fi saurin musanya baƙuwar kalma da wadda ya saba da ita.