Fadar Manhyia ba ta kai tsufan da ake zato ba

A zangon Kumasi, in baƙo ya zo aka kai shi Manhyia, fadar sarkin Tonawa (wato Ashanti), sai ka ji an ce masa nan Osei Tutu na Ɗaya, wanda ya kafa daular Tonawa, ya zauna. Ina! Ginin nan na 1925 ne. Turawan Ingila suka gina wa Sarki Prempeh na Ɗaya bayan ya dawo daga tsibirin Seshel a 1924, shi kuwa ya ƙi shiga sai da Tonawa suka biya kuɗin ginin. Ainihin tsohuwar fadar tana wajen unguwar Adum ne a Kumasi, har da benen dutse na zamanin Sarki Osei Bonsu, sojojin Ingila suka rusa ta a 1874. Tun 1995 gidan Prempeh ya zama gidan tarihi.