Aleksitimiya: Zuciya Ta Ji, Baki Ya Rasa Suna

Kwana uku da rasuwar ƙaninsa, matarsa ta zauna kusa da shi ta ce, "Maigida, me kake ji a ranka?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ƙirjina ne ya yi nauyi, barci ma ya ƙi zuwa. Ƙila gajiya ce." Ba ɓoye-ɓoye yake yi ba, ba kuma taurin kai ba ne. Iyakar abin da ya sani ke nan. Baƙin cikin yana nan, jikinsa ya ɗauka, amma sunansa bai iso bakinsa ba.

Masana halayyar ɗan'adam suna kiran wannan hali aleksitimiya. Likitan ƙwaƙwalwa Peter Sifneos na Jami'ar Harvard ne ya ƙirƙiro kalmar a farkon shekarun 1970, daga harshen Girka, ma'anarta "babu kalmomi ga abin da rai ke ji". Shi da abokin aikinsa John Nemiah sun lura da marasa lafiya da za su zayyana maka ciwon cikinsu dalla-dalla, amma ka tambaye su ko ransu ya ɓaci, sai su tsaya suna kallonka. Ba cuta ba ce mai zaman kanta. Hali ne, wani yana da shi kaɗan, wani ya yi masa yawa, kuma ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana da shi sosai. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda aka fitar a Toronto a 1994, tambayoyi 20 ne, yana duba wahalar gane abin da ake ji, da wahalar faɗinsa, da yadda hankalin mutum ke karkata ga al'amuran waje ya bar na zuci.

Inda maganar ta fi jan hankalina shi ne dangantakarta da tausayi. Tausayi iri biyu ne: gane halin da wani yake ciki da tunani, da kuma jin zafinsa a jikinka. Wanda bai iya bambanta tsoronsa da fushinsa ba, da me zai auna na wani? Bincike ya sha nuna cewa masu aleksitimiya mai yawa suna shan wahala wajen sa kansu a matsayin wani. Amma abin mamaki, sau da yawa sun fi wasu rikicewa idan suka ga mutum cikin wahala. Aboki yana kuka a gabansa, gabansa na faɗuwa, tafin hannunsa na zufa, bai san me ke damunsa ba, sai ya miƙe ya fita. Mai kallo zai ce ba shi da imani, alhali abin ne ya fi ƙarfinsa. A 2010 wani mai bincike, Geoffrey Bird, da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna ganin wani na kusa da su zai ji zafi. Sashen da ake kira insula, mai karanta saƙonnin cikin jiki, aikinsa ya ragu gwargwadon yawan aleksitimiyar mutum, ko yana da otizim (lalurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wuya tun daga yarinta) ko ba shi da shi.

Wani abin da ake dangantawa da aleksitimiya shi ne sikizotaifi, wato halayen da suka yi kama da na taɓin hankali amma ba su kai cuta ba. Masanin halayyar ɗan'adam Paul Meehl ne ya ɗaukaka wannan tunani a 1962. Ana raba su uku: yawan zato da gani kamar abubuwa suna yi maka ishara, sai sanyin jiki ga mu'amala da rashin jin daɗin zama da mutane, sai tunani da magana masu warwatsewa. Mafi yawan masu waɗannan halaye ba za su taɓa kamuwa da sikizofreniya, wato wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, ba. Kashi na biyun nan, mai janye jiki, shi ne aka fi samu tare da aleksitimiya da ƙarancin tausayi. Mai yawan zato kuwa matsalarsa daban ce: yakan karanta fuska fiye da abin da ke cikinta, murmushi ya ga ba'a, shiru ya ga makirci.

Galibin waɗannan binciken suna nuna abubuwan suna tafiya tare ne, ba su tabbatar da wanne ya haifi wanne ba. Akwai kuma wani abin dariya a cikin ma'aunin kansa: mutumin da ake zargin bai san abin da yake ji ba, shi ake miƙa wa takarda ya faɗi yadda ya san abin da yake ji. Shi ya sa wasu masu binciken suke haɗawa da hira baki da baki, ko su tambayi wanda ke zaune da shi. A gidan maigidan nan, matar ce za ta fi cike takardar daidai.