Kumburin babbar jijiyar ciki da abin da ke cikin jininmu

Akwai rasuwar da muke kira ta farat ɗaya. Dattijo ya wuni lafiya lau, an yi la'asar da shi a masallacin unguwa, sai ya dafe ciki ko ƙugu, gumi ya karyo masa, kafin a samo motar kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mai rai mamaci ne, wannan babu ja. Amma cikin irin waɗannan rasuwa akwai waɗanda sanadinsu ya yi shekaru yana girma a cikin mutum, kuma da an duba da an gan shi. Ɗaya daga ciki shi ne kumburin babbar jijiyar jini ta ciki.

Wannan jijiya ita ce mafi girma a jiki. Daga zuciya take tasowa, ta gangaro ta gaban ƙashin baya, ta rabu biyu daidai cibiya zuwa ƙafafu. Faɗinta a babban mutum kusan santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni, ƙarfin jini yakan riƙa tura shi yana buɗewa, kamar tiyon ban ruwa a lambunan Jiratawa da ya tsufa ya yi tulu a wuri guda. In faɗin ya kai santimita 3, likita zai ce kumburi ya samu. In ya kai 5 da rabi ga namiji, ana shawarar aiki, domin daga nan haɗarin fashewa yake ƙaruwa sosai. In kuwa ta fashe, kusan takwas cikin goma ba sa tashi. Ita ce ta yi ajalin masanin kimiyyar nan Albert Einstein a 1955, haka ma Janar De Gaulle na Faransa a 1970. Mutane ne da ke da manyan likitoci a kusa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana yawan tambaya game da wani sinadari na jini mai suna homosistayin, wanda ake dangantawa da wannan ciwo. Jikinmu ne yake samar da shi yayin da yake sarrafa abinci mai gina jiki, kuma ba a so ya taru. Abubuwa uku ke taimaka wa jiki ya kawar da shi: bitamin B12, B6, da folik asid, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar ƙarin jinin da ake ba mata a wajen awon ciki. In ɗayansu ya yi ƙaranci, sai homosistayin ya hau. Ciwon ƙoda ma yana hawar da shi, haka shan taba, tsufa, da gado. Galibi in ya wuce maikromol 15 a litar jini ana cewa ya yi yawa.

Tun 1969 wani likita a Amurka, Kilmer McCully, ya lura cewa yaran da aka haifa da cutar da ke tara wannan sinadari jijiyoyinsu sukan lalace tun suna ƙanana. Daga baya aka ga cewa masu kumburin babbar jijiya, in an auna jininsu, sukan fi sauran mutane yawan homosistayin. Masana suna ganin yana ƙuje shimfiɗar cikin jijiya, yana kuma taimaka wa abubuwan da ke cinye zaren da ke ba bangonta ƙarfi.

Sai dai a nan nake so a saurare ni da kyau. An yi manyan gwaje-gwaje a kan dubban mutane, aka ba su waɗannan bitamin. Sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna homosistayin ya sauka, amma yawan masu kamuwa da ciwon bugun zuciya bai ragu ba. Ba a kuma tabbatar da cewa shan bitamin yana hana jijiya kumbura ko yana mayar da wadda ta kumbura ba. Don haka duk mai tallar magani da ya ɗora tire a ka ya ce maka ga ƙwayar da ke wanke jijiya, kuɗinka kawai yake so. A ganina yawan homosistayin alama ce da ke cewa a duba abinci, a duba ƙoda, a duba taba. Wanda likita ya tabbatar yana da ƙarancin B12 ko folik asid, shi kam ya sha abin da aka rubuta masa, domin ƙarancin kansa yana jawo rashin jini, na B12 kuma har da mutuwar ƙafafu.

Ta fannin abinci, Maradi ba ta da uzuri sosai. Folik asid yana cikin ganye: zogale da ake kawowa daga gulbi, rama, yakuwa, alayyahu, ga wake da gyaɗa. Abin lura shi ne doguwar dahuwa tana kashe shi. Uwargida, in kin tafasa zogale har ya yi baƙi, kika tsiyaye ruwan kika zubar a bayan gida, kin zubar da kaso mai yawa na amfaninsa. A rage ruwa, a rage lokacin wuta. B12 kuwa daga dabba kaɗai ake samunsa: nono, ƙwai, hanta, nama, kifin Madarunfa. Tsohon da haƙoransa suka zube, aka bar shi da kunu da tuwo safe da dare, shi ne ya fi shiga haɗari. A dama masa fura da nono mai kyau, a dafa masa ƙwai. Mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin shi ma ya tuna wa likitansa zancen B12, domin maganin yakan rage shi.

Babban mai laifi dai taba ce. Babu abin da ya kai ta jawo wannan kumburi, kuma tana sa kumburin da ya riga ya samu ya yi saurin girma. Ina ganin samarinmu a fada, wato majalisarsu ta hira, shayi na kan gawayi, kara na bin kara daga hannu zuwa hannu, abin yana damuna ƙwarai, don ɓarnar sai bayan shekara talatin ko arba'in take bayyana. Bayan taba sai hawan jini, shekaru daga 65 zuwa sama, da kasancewa namiji. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin ciwon, nasa haɗarin ya fi.

Yawanci ba ya ba da wata alama. Wasu kan ji abu yana bugawa kusa da cibiya, ko ciwon baya mai zurfi da ba ya jin magani. Siririn mutum yana iya jin bugun jijiyarsa lafiyayya in ya kwanta rigingine, saboda haka bugu kaɗai ba hujja ba ne, amma dalili ne na zuwa a duba. Don Allah kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin, kada kuma a danna ko a murza.

Dubawar ba wuya. Na'urar hoton ciki da ake duba masu juna biyu da ita, ita ce dai: a shafa mai a ciki, a ɗora, cikin 'yan mintoci a auna faɗin jijiyar, babu allura babu zafi. A Ingila ana gayyatar kowane namiji ya yi wannan hoto a shekarar da ya cika 65. Mu ba mu da irin wannan tsari, don haka nauyin yana kan 'ya'ya. In Baba ya haura 65 kuma ya taɓa shan taba, ko da ya bari tun tuni, ku raka shi ku nemi a duba babbar jijiyar cikinsa, a auna masa hawan jini a tafiya guda. In an ga ƙaramin kumburi, za a riƙa maimaita hoton lokaci lokaci. In babba ne, likita zai tura shi wurin ƙwararrun da ke sa jijiyar roba a gurbin.

In kuma dattijo ya yi kukan matsanancin ciwon ciki ko baya da ya zo masa nan take, da jiri ko suma, kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye. A kwantar da shi, kada a ba shi ci ko sha, a wuce da shi babban asibiti kai tsaye, a kuma gaya wa likita shekarunsa da tarihin shan tabarsa tun daga bakin ƙofa.