Rigimar kwal a lardin Saskacewan na Kanada: tambayoyi da amsoshi

Ina ne wurin, kuma me ya sa ake yawan maganarsa?

A yammacin Kanada akwai larduna uku a jere: Albata, Saskacewan da Manitoba. Kudancinsu fili ne fetal, gonakin alkama da kanola iya ganinka, arewacinsu kuma dazuzzuka da tafkuna. Saskacewan ne na tsakiya. Ƙarƙashin ƙasarsa akwai man fetur, gas, kwal, yuraniyam da fotash da ake takin zamani da shi. Mutanensa ba su haura miliyan 1.2 da yawa ba, amma idan aka raba hayaƙin da lardin ke saki tsakanin mazaunansa, kason kowa ya ninka na matsakaicin ɗan Kanada wajen sau uku.

Ashe ba gwamnatin tarayya ke yanke hukunci kan sauyin yanayi ba?

Nan gizo ke saƙar. Tun 1930 aka miƙa wa waɗannan larduna ikon albarkatun ƙasarsu, kuma samar da wutar lantarki hurumin lardi ne. Kamfanin wuta na SaskPower ma mallakar gwamnatin lardin ne. Da Otawa, wato gwamnatin tarayya, ta ɗora haraji kan hayaƙin kabon, Saskacewan ya garzaya kotu. A watan Maris na 2021 Kotun Ƙoli ta ba tarayya gaskiya, alƙalai shida da uku. Gwamnatin lardin, ta Firimiya Scott Moe, ba ta saduda ba. A 2023 ta yi dokar da ke jaddada ikon lardi kan albarkatu da lantarki, a Janairun 2024 ta daina karɓar harajin a kan gas ɗin ɗumama gidaje. A Afrilun 2025 tarayyar da kanta ta janye harajin daga kan masu sayen mai da gas.

To, ina batun kwal ya tsaya?

Dokar tarayya ta ce kafin 2030 a daina ƙona kwal don samar da wuta, sai a tashar da ke kama hayaƙinta. Albata, wanda shi ma ba ya ga-maciji da Otawa, ya kammala rabuwa da kwal a 2024. Saskacewan kuwa a watan Yunin 2025 ya sanar cewa zai gyara tashoshinsa su ci gaba da aiki bayan wa'adin: Boundary Dam da Shand kusa da garin Estevan, da Poplar River kusa da Coronach. Hujjar gwamnati ita ce kwal ɗin na gida ne, kuma zai riƙe lardin har a gina tashoshin nukiliya. Takan kuma yi nuni da na'urar kama hayaƙi da aka kafa a Boundary Dam a 2014. Na'urar tana nan, amma sashe guda kawai na tashar take yi wa aiki, sauran hayaƙinsu sama yake tafiya.

Su wane ne ke fafutukar daga ƙasa?

Yawancinsu 'yan sa-kai ne: ɗalibai, malamai, manoma, dattawan da suka yi ritaya. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu ita ce Climate Justice Saskatoon, wato masu neman adalci kan sauyin yanayi a garin Saskatun. A 2023 ita da mutum bakwai, har da matasa da tsofaffi, suka kai ƙarar gwamnatin lardi da SaskPower. Sun ce gina sababbin tashoshin gas yana keta 'yancinsu na rayuwa da daidaito da kundin tsarin mulki ya ba su. Lauyoyin gwamnati suka nemi a yi watsi da ƙarar, suna cewa wannan batu ne na majalisa, ba na alƙali ba.

Wannan gari na Saskatun ya saba da irin haka. A can ne a ƙarshen 2012 mata huɗu suka fara gangamin Idle No More don kare ruwa da haƙƙin 'yan asalin ƙasa, ya bazu a duk Kanada.

Me ya kawo kalmar "adalci" cikin maganar yanayi?

Saboda mai amfana daban, mai ɗanɗana kuɗa daban. A damunar 2025 gobarar daji ta sa Saskacewan da Manitoba duka suka ayyana dokar ta-ɓaci. An kwashe mutanen garuruwan La Ronge da Flin Flon da ke arewa, wuta ta cinye gidaje da yawa a Denare Beach. Arewacin nan galibi mazaunin 'yan asalin ƙasa ne, Cree da Dene da Métis, kuma wasu garuruwan hanya ɗaya tak ke shiga cikinsu. Ba su ne suka gina arzikinsu a kan kwal ba. Manoman kudu su ma sun ga fari mai tsanani a 2021, har makiyaya suka riƙa sayar da shanu don rashin ciyawa. A ganina, gwamnatin da ta ga wannan kuma ta zaɓi ƙara wa kwal shekaru ta yi kuskure babba.

Ma'aikatan ma'adinai fa, a bar su a rana?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma masu fafutuka sun san haka. Coronach ƙaramin gari ne da bai kai mutum dubu ba. Ramin kwal da tashar wuta su ne abincinsa, su ke riƙe makaranta da kantuna. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tuƙa motar haƙa ba zai yarda da alkawarin baki ba. Abin da masu fafutukar ke nema shi ne a tabbatar da fansho, a biya kuɗin koyon sabuwar sana'a, a kafa sababbin ayyuka a garuruwan tun kafin a rufe tashoshin. Kudancin Saskacewan na cikin wuraren da suka fi samun rana da iska a Kanada, kuma layukan wuta sun riga sun isa Estevan da Coronach.