Agogon Aljihu na Zinare

Agogon aljihu na zinare agogo ne da ake ɗaure wa sarƙa a jefa a aljihu. Gidansa na zinare ne, injinsa kuma wani ake yi masa, wato a murɗa shi da hannu, babu ruwansa da batir. An fara ƙera agogunan da mutum zai iya yawo da su a Jamus a farkon ƙarni na 16, ana kuma danganta farkon aikin ga Peter Henlein na birnin Nuremberg. Na wancan zamani ba su cika riƙe lokaci ba, sai bayan 1675 da Christiaan Huygens ya fito da siririn sifirin da ke daidaita bugun inji. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya dusashe tauraruwarsa, domin soja a fagen fama ya fi samun sauƙin duba agogon hannu.

Darajar wannan agogo tana cikin injinsa. Wanda ya buɗe murfin baya zai ga ƙananan ƙafafu masu haƙora suna juyawa a kan duwatsun yaƙutu, waɗanda aka dasa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Gwanayen maƙera sukan goge har sassan da ido ba ya kaiwa, su yi musu zane da hannu. Akwai agogon da idan aka ja wani ɗan maɓalli a gefensa zai kaɗa awa da minti, mai shi ya san lokaci cikin duhu. Abraham-Louis Breguet, wanda ya buɗe shagonsa a Faris a 1775, ya yi rajistar wata dabara mai suna tourbillon a 1801: wani ɗan keji mai juyawa da ke rage kuskuren da zaman agogo a tsaye cikin aljihu yake jawowa. A Amurka kuwa jirgin ƙasa ne ya tilasta inganci. Bayan karon da jirage biyu suka yi a Kipton, jihar Ohio, a 1891, an gindaya cewa agogon ma'aikacin jirgi kada ya yi gaba ko baya da fiye da daƙiƙa 30 a mako. Kamfanonin Waltham da Elgin da Hamilton sun yi suna a wannan fage.

Masu tara irin waɗannan agoguna suna duba sunan maƙeri, da lambar da ke jikin inji, da ko gida da inji tare aka yi su, sannan wa ya taɓa mallakarsa. Agogon da kamfanin Patek Philippe ya miƙa wa attajirin Amurka Henry Graves a 1933, mai ayyuka 24 bayan nuna lokaci, an yi gwanjonsa a Geneva a 2014 a kan kimanin dala miliyan 24. Zinaren jikinsa bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Aikin hannun aka saya.

Zinaren ma yana da hatimi a cikin murfi. Karat shi ne ma'aunin tsantsar zinare: lambar 750 tana nufin karat 18, 585 karat 14, 375 kuma karat 9. Da yawa daga agogunan Amurka ruwan zinare kawai aka yi musu a kan tagulla, kuma nan ne sabon shiga ke faɗawa.

Kaduna gari ne da ya tashi da jirgin ƙasa da aikin gwamnati, musamman tun da ya zama hedikwatar Arewa a 1917, don haka ba abin mamaki ba ne a tsinci agogon aljihu cikin kayan gadon tsohon ma'aikaci. Kasancewar malamai sun hana namiji ado da zinare, irin wannan agogo ya fi zama abin ajiya, wanda zai yi amfani da shi kuma ya nemi na azurfa ko na ƙarfe. Babban abin takaici shi ne magada su kai shi wurin masu sayen zinare, a ɗora a sikeli, a narkar da gidan, a yar da injin. Abin da aka yi shekara ɗari ana adanawa ya tafi ke nan a yini ɗaya. Ya kamata a fara nuna shi ga ƙwararren mai gyaran agogo kafin a yi maganar sayarwa.

Ƙurar hunturu da laimar damina duk suna cutar da injin. Ana ajiye shi a rufe a busasshen wuri, nesa da maganaɗisu, kuma wanda ya daɗe a kwance ba a yi masa wani sai an wanke injin an sa masa sabon mai.